Hular Kwanon Ba Ari

Ina tsince shinkafa a ƙofar ɗakina bayan la'asar, sai ga Ba Ari ya shigo tsakar gida yana tura babur ɗinsa da hannu. Gefen rigarsa duk taɓo, gwiwar hannunsa ta hagu ta saluɓe tana tsattsafar jini, madubin babur ɗin ɗaya ya karye yana reto. Hular kwanonsa tana kansa, ko igiyarta bai kwance ba.

"Ya Kubura, fito ki ga maigidanki," na ce.

Matarsa ta ɗago labule da ludayi a hannu. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ɗora ludayin a kan randa.

"Me ya same ka?"

"Wani ɗan adaidaita ne ya goge ni a Titin Ibrahim Taiwo. Ruwan da aka yi ɗazu ya sa kwalta santsi." Ya jingine babur ɗin a bango. "Sai haƙuri yake ta ba ni. Na ce ya tafi abinsa."

Sannan ya cire hular, ya juyo mana bayanta. Ta tsage tun daga ƙeya har kusa da kunnen dama, tsaga mai faɗin da ɗan yatsa zai shiga.

"Kin gani, Malama?" ya ce da ni. "Nan na bugu da bakin kwalbati. Ba don Allah ba, ba don wannan ba, da yanzu wani zancen kuke yi."

"Kan fa?" in ji Ya Kubura.

"Lafiya ƙalau. Taɓa ki ji."

Ta sa hannu ta shafa ƙeyarsa. Babu jini, sai ɗan kumburi kamar goro. Ta ɗebo ruwan zafi ta gasa masa hannun, 'yarsu Kamila ta je kemis ta sayo maganin shafawa. Kafin magariba yana zaune a kan tabarma yana shan kunu, yana ba yaran gidan labarin yadda ya tashi sama kamar buhun auduga.

Ni sunana Sarah, mutuniyar Wusasa ce, ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari. Gidan da muke ciki a Fagge na haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakiya. Bango ɗaya ne tsakanina da su Ba Ari tun ina amarya. Iyayensa daga Borno suka zo, amma shi a Fagge aka haife shi, abin da ya rage masa na Barbarci bai wuce gaisuwa ba da wannan "Ba" da ake sa wa sunansa, da "Ya" da ake sa wa na matarsa. Lokacin da mijina Godfrey ya rasu, shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da coci a kan babur ɗin nan, har aka gama komai.

Hular kuwa ta girmi yaran gidanmu da yawa. Ya saye ta ne shekarar da aka matsa wa 'yan acaɓa sai sun sa hular kwano, lokacin da wasu suka riƙa kifa ƙwarya ko robar fenti a ka don su wuce jami'ai. Shi ya je Sabon Gari ya ce a ba shi wadda ta fi kowacce araha. Ja ce a lokacin, tana sheƙi. Ba a jima ba doka ta yi sanyi, kowa ya jefar da tasa a bayan ɗaki, Ba Ari ya ci gaba da sa tasa. Abokan sana'arsa suka sa masa suna Mai Kwano. Na taɓa tambayarsa ko zafi ba ya damunsa a cikinta, ya ce, "Yana damuna mana. Amma na taɓa taya ɗaukar wani abokinmu daga kan titi, Malama. Na ga abin da ke cikin kan mutum. Ba na so Kubura ta ga nawa."

Da aka hana acaɓa a Kano, ya koma ɗaukar kaya a Kantin Kwari. Ya ɗaura dilar atamfa a baya ya kai tasha, ya kai wa teloli shadda, wani lokaci ya ɗauko katan-katan daga kasuwar Singa. Hular tana tare da shi duk tsawon shekarun. Rana ta cinye jan har ya koma ruwan hoda. Gilashin gaba ya yi ta karcewa har ba a gani ta cikinsa, wata rana ya ɓalle, bai sake sa wani ba. Igiyar ta tsinke, mai gyaran takalmi ya ɗinka masa hannun wata tsohuwar jakar makaranta a madadinta. In ya dawo gida da ƙwai ko tumatir, a cikinta yake shigo da su. Ɗansa Abdulƙahhar, wanda ke aiki a Fatakwal, ya sha cewa zai sayo masa mai kyau, shi kuma ya ce a bar masa kayarsa.

Washegarin faɗuwar ya fita aiki kamar kullum. Ya naɗe tsagar da baƙin salatif, ya kifa hular, ya tafi. Da ya dawo ya ce kansa yana ɗan sara masa. Ya sha magani, ya ce rana ce.

Daga nan ne zama ya fara gagarar sa. Ba Ari mutum ne da in ya dawo yakan shimfiɗa tabarma ya kunna rediyo, ba ya motsi sai kiran salla. Yanzu kuwa sai ya zauna ya tashi. Ya je wajen babur ya kwance robar ɗaure kaya, ya sake naɗe ta, ya dawo, ya sake komawa ya kwance. Ya ɗauki tsintsiya ya share gaban ɗakinsu wanda Kamila ta riga ta share. Ya leƙa waje, ya dawo, ya tambayi ƙarfe nawa, a faɗa masa, can ya sake tambaya. Ina ɗaki ina duba littattafan yara ina jin takunsa, daga famfo zuwa ƙofar gida, daga ƙofar gida zuwa famfo.

"Ba Ari, ka zauna mana ka huta," na ce masa wata yamma.

"In na zauna sai in ji kamar na manta wani abu a wani wuri."

"Me ka manta?"

"Shi ne ban sani ba."

Ya yi dariya, ni ma na yi, amma ban ji daɗin dariyar ba.

Ranar Talata Alhajin da yake yi wa dakon kaya a Kwari ya kira wayar Kamila. Ya ce tun hantsi ya ba babanta kaya ya kai tasha, mai kayan yana ta jira, har direba ya gaji ya tashi. Da aka bi sawu sai aka same shi a cikin kasuwar, yana ta zagaya layi ɗaya da dila a bayan babur, yana tambayar mutane ina hanyar fita. Kasuwar da ya fi shekara goma yana shiga kullum. Alhajin ya ce ba faɗa ya kira ya yi ba, a dai duba lafiyarsa.

Da yamma Ya Kubura ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado. Mace ce marar yawan magana, ko rashin lafiya take ba ka ji a bakinta.

"Jiya la'asar sau biyu ya yi," ta ce. "Na ce ai ka yi, ya ce bai yi ba. Abinci kuma sai ya ci loma biyu ya ture."

"Ya Kubura, kan nan ne. A kai shi asibiti a yi masa hoto."

"Na faɗa masa. Ya ce hula ta karɓi bugun, me za a gani a kai."

Muka fito tare. Yana tsugune gaban babur yana goge ƙafar baya da tsumma, wajen da ya riga ya goge yana ta ƙyalli.

"Ba Ari, ina so gobe mu je a duba kan nan," na ce.

Bai ɗago ba. "Malama, ke mai ilimi ce. Dubi hular nan." Ya nuna ta a jikin ƙusar da yake rataye ta. "Ita ta fashe. In abu ya fashe a waje, ai ya tare wa na ciki ke nan. Sau nawa na faɗi da ita? A Kurna na faɗi, a gadar nan na faɗi, ko ciwon kai ban yi ba."

"Amma yanzu kana yi."

"Tsufa ne." Ya miƙe, ya ɗan dafa bango. Sai ya dube ni kamar ya tuna wani abu. "Af, Godfrey bai dawo ba ne? Ina so ya riƙe min fitila in duba sarƙar nan."

Godfrey ya shekara takwas a kabari, kuma Ba Ari na cikin waɗanda suka raka shi. Ya Kubura ta dube ni, na dube ta. Na ce, "Bai dawo ba tukuna."

Kamila ta kira yayanta a waya. Abdulƙahhar ya ce zai nemi izini a wajen aiki ya taho, kafin nan kar a bar shi ya hau babur ko da wasa. Ya Kubura ta ɗauke makullin ta jefa a cikin tukunyar da take ajiye daddawa.

Da safe ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta na ji muryarsa ta bango.

"Kubura, ina makullina?"

"Yana wajena."

"Ba ni."

"Sai mun je asibiti mun dawo."

"Mutane na jira na da kaya, kina min maganar asibiti. Ba ni makullina na ce."

Tunda nake a gidan ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba sai ran nan. Na fito na same shi yana zazzage aljihun rigunansa da ke kan igiya, ya ɗaga tabarma, ya leƙa cikin buta, ya koma ya sake zazzage rigunan. Ya Kubura na tsaye a ƙofar ɗaki ta harɗe hannu, idonta ya yi ja amma ba ta motsa ba. Maƙwabta suka fara leƙowa. Can ya gaji, ya zauna a kan turmi yana haki, ya riƙe kansa da hannu biyu.

"To," ya ce a hankali. "Bari yaron ya zo. In ya zo sai mu je."

"Ba sai ya zo ba," na ce. "Yau ina tashi da wuri. In na dawo mu ɗauki adaidaita mu tafi, ni da kai da Ya Kubura."

Ya gyaɗa kai. Na tafi makaranta da wannan alkawarin, amma ko a aji hankalina yana gida. Na rubuta darasi a allo, na goge, na sake rubuta shi. Ana fita tara na je na roƙi hedimasta ya sallame ni.

Ina shiga lungunmu na hango Ya Kubura a ƙofar gida, ba mayafi sai zanen da ta yafa a ka, ƙafarta ba takalmi.

"Ya fita," ta ce. "Na shiga wanka, ya ce wa Kamila zai zauna a ƙofar masallaci. Mun duba ba ya nan."

Babur yana jingine a inda yake. Ƙusar bango ce babu komai a jikinta.

Na ce wa Ya Kubura ta zauna a gida ko zai dawo. Ni da Kamila muka fita. Mai shayin bakin layi ya ce ya ga wucewarsa a ƙafa da hular kwano a ka, har ya yi masa tsiya ya ce yau babur ɗin na iska ne, bai amsa ba. Ya yi wajen Kwari.

Hadari ya haɗo amma ruwa ya ƙi sauka, gari ya yi cik da zafi. A Kwari mutum ba ya iya tsayawa wuri guda, in ka tsaya sai a ture ka. Masu baro suna ta "hanya, hanya", masu dako da dila a ka, masu shago suna kiran Kamila ta zo ta ga sabon leshi. Muka je shagon Alhajin, ya ce bai gan shi ba, ya sa yaransa su duba layukan baya. Muka je inda masu babur ɗin kaya suke taruwa. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Mai Kwano? Ya zo nan ɗazu. Ya tsaya yana kallonmu kamar bai san mu ba. Na ba shi wuri ya zauna, ya zauna, ya miƙe, ya yi gaba."

"Ina ya nufa, Baba?" in ji Kamila.

"Wajen Singa, ina ji."

A Singa manyan motoci sun toshe hanya ana sauke buhunan sukari da katan ɗin taliya. Muka riƙa ratsawa ta tsakaninsu, taɓo har idon sawu. Kamila tana kiran wayarsa duk da ta san a gida ya bar ta. Duk wanda muka tambaya sai ya nuna mana wani gefe dabam. Wata mai sayar da ruwan leda ta ce ta ga wani tsoho da hular babur yana tsallaka titi ba ya duba mota, har wani direba ya zage shi. Kamila ta tsaya cak, ta toshe bakinta da gefen hijabi.

"Anti Sarah, in mota ta..."

"Ba ta buge shi ba, ai ta ce ya tsallaka. Mu je."

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Onyekachi ne, mai shagon kayan babur a Sabon Gari. Na koyar da 'yarsa Adaeze, shi ya sa yake da lambata. A Kano aka haife shi, Hausarsa kamar ta ɗan Fagge.

"Malama, maƙwabcinki Baba Ari yana nan shagona. Ban gane masa ba. Ki turo wani daga gidansu."

"Ka riƙe shi. Ko ya ce zai tafi kar ka bar shi."

Muka same shi a kan benci a gaban shagon, tsakanin tayoyin da aka jera da sarƙoƙi masu rataye. Silifas ɗinsa ɗaya babu, ƙafar duk taɓo. Hular tana kan cinyarsa, ya ɓare salatif ɗin yana shafa tsagar da babban yatsa.

"Baba," in ji Kamila, ta durƙusa a gabansa. "Baba, mun neme ka ko'ina."

"Ai ga ni." Maganarsa tana jan ƙafa, kamar harshen ya yi masa nauyi. "Gyara na kawo."

Onyekachi ya ja ni gefe. "A nan ya saye ta, shekarun baya. Ya zo ya ce in liƙe masa da gam. Na ce Baba wannan ta gama aiki, soson ciki ma ya mutu tuntuni, ya zama kamar katako. Na ɗauko sabuwa na ce ya karɓa kyauta, ya ƙi."

"Sabuwa ba ta san kaina ba," in ji Ba Ari. Ashe yana jin mu. "Ka liƙe min wannan. Gobe ina da kaya."

"To Baba, zan liƙe. Bar ta a nan."

Ya miƙa masa ita da hannun dama. Na lura hannun hagun yana kwance a kan benci kamar ba nasa ba. Ya yunƙura zai tashi, sai amai ya zo masa, ya tafi zai faɗi. Onyekachi ya tare shi kafin ya kai ƙasa, ya ƙwala wa wani mai adaidaita kira, ya taya mu sa shi a ciki. Kamila ta kira Ya Kubura ta ce ta same mu a asibiti.

Ruwan da ya ƙi sauka tun safe sai a lokacin ya sauko. Hanya ta cushe. Mai adaidaita ya saki labulen gefe, muka zauna a cikin duhu-duhu, Ba Ari a tsakiyarmu, kansa a kafaɗar Kamila. Mu matsa kaɗan, mu tsaya. Ina ta leƙawa ta gefen labule ina ganin motoci ba sa motsi, ina ji kamar in fita in ture su da hannu.

"Ka bi ta lungu," in ji Ba Ari, idonsa a rufe. "In ka bi ta bayan gidan man nan za ka ɓulla."

Mai adaidaita ya waiwayo ya dube ni. Na ce ya bi. Muka ratsa ta wani lungu da ban taɓa sanin yana nan ba, ruwa na gudu a cikinsa, muka ɓullo gaban cunkoson. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da na ji da kunnena.

Asibitin farko suka duba idonsa da fitila, suka ce mu wuce babba. A can aka yi masa hoton kai. Likitar, wata matashiya mai tabarau, ta kira mu ofis ni da Ya Kubura da ta iso jiƙe sharkaf. Ta ce ƙashin kan bai fashe ba, hular ta tare wannan. Amma wata 'yar jijiya ta tsinke a ciki tun ranar da ya faɗi, jini yana ta taruwa kaɗan-kaɗan yana danne ƙwaƙwalwa. Ta ce sai an yi aiki an zuƙe shi, za su shirya shi, amma ya yi nisa, mu yi ta addu'a.

"Ya ce hular ta karɓi bugun," in ji Ya Kubura.

"Ta karɓi wani, Mama," likitar ta ce. "Ba duka ba."

Aka kwantar da shi, aka sa masa ruwa da robar numfashi. Ko a nan jikinsa bai kwanta ba. Ƙafar damansa tana ta motsi a ƙarƙashin zane. Hannun damansa kuma sai ya tashi ya je ƙarƙashin haɓarsa, yatsun suna lalube, suna neman igiyar da za su ɗaure. Ya Kubura ta kamo hannun ta mayar gefe. Can ya sake tashi. Ta sake mayarwa. Daga baya ta daina mayarwa, ta riƙe shi a cikin nata.

An yi aikin da yammar. Bai farka ba. Abdulƙahhar ya iso washegari da hantsi, kai tsaye daga tasha da jakarsa a kafaɗa. Ya tsaya a bakin gadon yana kiran "Baba, ni ne," yana tofa masa addu'a. Ina bakin ƙofa ina tawa addu'ar a zuci. Ba a daɗe ba ƙafar ta daina motsi. Ya Kubura ce ta fara ganewa. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta sa tafin hannu ta rufe masa ido, sannan ta gyara masa zanen da ya ture.

Bayan azahar aka kai shi. Masu babur ɗin kaya na Kwari suka zo da yawa, suka cika lungunmu har bakin titi, babu mai hular kwano ko ɗaya a cikinsu. Ni ina ciki tare da mata. Na ɗauki aikin ruwa da wanke kofuna, don in na zauna sai in riƙa jin kamar takunsa tsakanin famfo da ƙofa.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a mutane sun fara raguwa, na fito zubar da ruwa sai na ga Onyekachi a gefen rumfa. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, da baƙar leda a kan gwiwarsa. Ya yi wa Abdulƙahhar gaisuwa, sannan ya tura masa ledar.

"Ta Baba ce. Ya bar ta a wajena. Ban san ko in liƙe ba ko in bari, sai na bar ta yadda take."

Abdulƙahhar ya buɗe ya leƙa. Fuskarsa ta canza.

"Wannan robar ce ta yaudare shi," ya ce. "Da ba ya sanye da ita, da kan ya fashe an gani, da tun ranar an kai shi asibiti. Sau nawa na ce zan saya masa ta kirki?" Ya ture ledar da bayan hannu. "Don Allah ka tafi da ita, ka jefa a bola."

Wani dattijo ya ce masa ya yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Onyekachi ya ɗauki ledar yana juya ta a hannu, bai san inda zai sa ta ba. Sai ga Kamila ta fito daga cikin gida, ta tsaya a bayan ƙyaure.

"Yaya, Inna ta ce a kawo mata."

Na karɓi ledar daga hannun Onyekachi na shiga da ita.

Ya Kubura tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, inda take zaune tun ranar, da carbi a hannu. Matan da ke tare da ita sun fita cin abinci. Na ajiye ledar a gabanta, na zauna kusa da ƙofa. Ta fito da hular ta ɗora a cinya. Ta daɗe tana kallon ta.

"Yaron nan yana jin zafi ne," ta ce. "Ba laifinta ba ne. Shekara nawa tana kai min shi tana dawo min da shi."

Ta kifar da ita ta duba ciki. Soson ya yi baƙi ƙirin da gumi, ya lotsa daidai siffar kansa. Ta matsa kusa da hasken taga, ta sa yatsu biyu ta ciro wani abu da ban gani ba sai da ta ɗaga shi. Furfura ce, gajeriya, ta maƙale a jikin soson. Ta ajiye ta a tafin hannunta na hagu, ta sake sunkuyawa ta ciro wata.

A waje ana naɗe tabarmi, wani yana tambayar inda za a mayar da kujerun haya. Na jawo labule na rufe ƙofar. Ya Kubura ba ta ɗago ba, tana ta tsincewa ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a tafin hannunta.